Itatuwan Aro

Yana tsugune a gindin maɗaci na goma sha bakwai, ya cusa yatsa cikin ƙasa yana jin danshi, sai wayarsa ta ɗauki ƙara a aljihu. Ya ƙyale ta. Idonsa na kan wani ɗan tofo ja-ja da ya fito a bakin reshe, wanda ko jiya babu shi. Duk wanda ya san itace ya san abin da tofon nan yake nufi: saiwa ta kama ƙasa, itacen ya yarda da wurin.

Sarkin Dashe ake ce masa. Abokan aikinsa a lambun hukumar gari ne suka laƙaba masa sunan don tsokana tun yana da baƙin gashi, ya bi shi har gida, yanzu ko matarsa in ta tashi zolaya da shi take kiransa. Shekara ashirin da shida ke nan yana renon itatuwa a cikin leda, yana ba su ruwa, yana kare su daga akuya da rana, amma layin da yake kwana babu itace ko ɗaya sai makonni uku da suka wuce.

Layin kuwa Allah ya sauwaƙe. Rufin kwano hagu da dama, kwalta a tsakiya, siminti a ƙofar kowa. Shekarun nan zafi ya sake hali, ba irin wanda suka tashi suka sani ba ne. Kafin ƙarfe goma na safe ba mai iya dafa ƙofar ƙarfe. In damina ta zo kuma ruwa ya rasa ƙasar da zai shiga, sai ya shiga ɗakunan mutane. Bara matarsa, wadda ke ɗinki a ɗakin gaba, ta kife a kan kekenta da rana tsaka. Likita ya ce hawan jini ne da zafi, a riƙa ajiye ta wuri mai sanyi. Ya faɗi haka ne kamar sanyi abu ne da ake aunowa a kasuwa.

Hukuma ba ta zauna ba, a bakin magana dai. An fito da shiri na dasa itatuwa a cikin gari, su ba da inuwa, su shanye ruwan sama, su rage wa mutane azabar sauyin yanayi. Sai dai rijiyar lambun ta ja baya shekara biyu a jere, ƙananan tsirrai suka ƙone, abin da ya rage mai tsayin da zai fito a hoto maɗatai arba'in ne kacal. To, da waɗannan arba'in ɗin ake ta yin taro. In baƙi za su zo, sai a haƙa ramuka, a saka itatuwan da ledarsu ba tare da an tsaga ta ba, a rufe da ƙasa, babban baƙo ya zuba ruwa da sabon bokiti, a tafa. Bayan kwana biyu a dawo a zare su salin-alin a mayar lambu. An dasa su a asibiti, an dasa su a tashar mota, an dasa su a wata makarantar 'yan mata har sau biyu. Itatuwan nan sun fi Sarkin Dashe sanin gari.

Da aka zo kan layinsu, shugaban sashe da bakinsa ya ce masa, "Wannan karon sun zauna ke nan. Masu ba da tallafin sun ce za su dawo baɗi su gani." Ranar dashen Sarkin Dashe ya riga kowa zuwa, ya bi ramukan ɗaya bayan ɗaya da 'yar wuƙarsa, ya tsage kowace leda ya zare ta, ya sa saiwa ta taɓa ƙasa ta gaskiya. Bai gaya wa kowa a ofis ba. Mutanen layi kuwa ya raba musu itatuwan gida-gida, ya ce musu da bakinsa waɗannan ba masu tafiya ba ne.

Wayar ta sake ƙara. Direban motar lambu ne, wanda kowa ke kira Dogo.

"Sarki, kana ina ne? Tun ɗazu nake nemanka."

"Ina layinmu. Lafiya dai?"

"Lafiyar ke nan. An ce in kawo mota da leburori ƙarfe uku a kwashe 'ya'yan nan naka. Gobe da rana akwai babban baƙo, za a buɗe sabon shataletale."

"Waɗanne 'ya'ya?"

"Haba Sarki, kana da wasu ne ban sani ba? Arba'in ɗin mana. An ce ma an riga an haƙa ramukan."

Ya daɗe riƙe da wayar bayan Dogo ya kashe. Sannan ya miƙe ya nufi gida.

Matarsa na ƙofar gida da roba a hannu, tana juye ruwan ɗaurayar kwanuka a gindin nata itacen. Ta kewaye shi da tsofaffin bulo, ta ɗaura masa ƙyallayen ɗinki a kan sanduna don akuya. Inuwarsa ba ta fi faɗin tire ba, amma kullum da safe sai ta tsaya ta duba ko ta ƙaru.

"Malam, me ya faru? Fuskarka ta canza."

"Ba komai. Ofis zan leƙa."

"Yau da ba ka da aiki? Shekara talatin muna tare, ka ce mini ba komai?"

Ya gaya mata. Ta ajiye robar a hankali, ta goge hannu a zaninta.

"Ai ba za su ciru ba," ta ce. "Kai ka ce ka cire ledar."

"Za su ciru. Rayuwa ce ba za su yi ba."

"To ka je ka faɗa musu. Shi shugaban naku ba mutum ba ne?"

Bas ɗin da ya hau ta cika har ƙofa, kowa na zufa a jikin kowa. Wata mata na yi wa jaririnta fifita da kwalin magani, jaririn ma ya gaji da kuka sai buɗe baki kawai yake. Suka bi ta gaban asibiti. Daga taga ya hango ramukan bara a jere a bakin katanga, wasu sun cika da shara, allon da aka kafa ranar taron yana nan tsaye da hoton koren ganye. Masu jinya na zaune a 'yar siririyar inuwar allon. Ya kau da kai, don shi ya haƙa ramukan, shi kuma ya zare abin da ke cikinsu.

Shugaban sashe ba mugu ba ne, wannan ne ma abin haushin. Ilmin gandun daji ya karanta, kuma shekarun farko har lambu yake zuwa ya naɗe hannun riga ya yi tambayoyi. Yanzu ya yi tumbi, ya yi furfura a gefen kunne, wayoyi biyu ne a gabansa kowace tana jiran ta ci shi. Na'urar sanyaya ɗakin ta mutu, fanka ce ke ta kaɗa iska mai zafi. A bango akwai taswirar gari, an manna koren ɗigo duk inda aka taɓa yin taron dashe. A taswirar, garin ya kusa zama daji.

"Baba Sarki, zauna. Na san abin da ya kawo ka."

"Ranka ya daɗe, kai ka ce sun zauna."

"Na faɗa. Ni ma haka aka gaya mini. Jiya da yamma aka kira ni daga sama." Ya nuna silin da yatsa. "Aro ne kawai. Kwana biyu a dawo muku da su."

"Akwai sababbin ƙananan tsirrai a lambu, sun kai ɗari. A kai su mana. Su ne ma suka fi saurin kamawa."

"Masu tsayin tafin hannu? Babban mutum ya sunkuya har ƙasa a gaban 'yan jarida, a ɗauki hoto ba a ga komai ba sai ƙeyarsa? So kake a kore mu duka?"

Sarkin Dashe ya cire hularsa ya riƙe a cinya. Tun da yake aiki bai taɓa yin abu a bayan idon shugaba ba sai wannan, ga shi kuma dole ya tona kansa.

"Ranka ya daɗe, akwai abin da ban gaya maka ba. Babu leda a jikinsu. Na cire."

Shugaban ya ɗago kai.

"Duka?"

"Duka arba'in. Sati uku ke nan. Sun yi tofo."

Shugaban ya zare tabarau ya murza idanu. Da ya sake magana muryarsa ta sauka, kamar ta mutumin da yake zuwa lambu a da.

"Tofo a sati uku? A wannan zafin?"

"Mutanen layi ne. Ruwan wankinsu suke ragewa suna ba su."

Ɗaya daga wayoyin ta fara ƙara. Shugaban ya dube ta, ya dubi tsohon, ya ɗauki wayar amma bai amsa ba tukuna.

"Je ka," ya ce. "Zan zo in gani da idona. Kada a taɓa komai sai na iso."

Da wannan 'yar maganar ya koma gida, yana riƙe da ita kamar ƙwai. A hanya har ya fara tsara yadda za ta kasance: shugaban zai zo, ya ga tofon, ya tuna karatunsa, ya kira na sama ya ce a nemi wata dabara. Ya san yaudarar kansa yake yi, amma ya bar zuciyar ta yi abinta har ya sauka.

Labari ya riga shi isa layi. Mai faci, wanda ya yanka tsofaffin tayoyi ya kewaye itatuwa huɗu da ke gaban rumfarsa, yana tsaye da ƙarfen cire taya a hannu yana ta kumfar baki.

"Wallahi ba mai taɓa su! Baba, kai ka ce mana ba masu tafiya ba ne. Ni na bar shan shayi na biyu don in sayi ruwa in ba su. Sai dai a bi ta kaina!"

"Ajiye ƙarfen nan, ɗana. Shugaba ya ce zai zo ya duba."

"Ya duba me? Itace bai taɓa gani ba?"

Mai wanki ta fito, mai kanti ya fito, tsohuwar da ke sayar da gawayi ta jawo kujerarta ta dasa a gindin nata itacen ta ce ita da shi sai dai a loda su tare. Aka yi dariya. Sarkin Dashe bai yi ba.

Ƙarfe uku da 'yan mintoci motar Dogo ta shigo, leburori shida a baya da diga da shebur. A bayanta kuma wata ƙaramar mota ce ta jami'an da ke rushe rumfunan bakin titi. Suka fito su uku, suka jingina da motarsu, babbansu ya tsaya yana kallon rumfar mai faci tun daga sama har ƙasa, sannan ya dubi teburin mai kanti da ya ɗan shigo titi, ya ciro ɗan littafi daga aljihu ya riƙe bai buɗe ba. Babu rumfa ɗaya a layin nan da ke da takarda. A hankali mai faci ya sauke ƙarfen, ya koma ya tsuguna gaban wata taya da ba ta buƙatar komai. Tsohuwa mai gawayi ta ce rana ta dame ta, ta ja kujerarta ciki.

Dogo ya sauko yana sosa ƙeya.

"Sarki, ka yi haƙuri. Ni ɗan aike ne."

"Na sani. An ce a jira shugaba."

Suka jira kusan awa guda. Leburorin suka nemi inuwa suka rasa, suka shige ƙarƙashin mota. Matarsa ta fito musu da ruwa a buta, domin ko me suka zo yi, ba ta iya ganin mutum yana haki a ƙofarta. Sannan ta koma ta tsaya kusa da itacenta, hannu ɗaya a kan sanda.

Da shugaban ya iso, shi kaɗai ya fito daga mota. Ya bi layin a ƙafa, yana tsayawa a kowane itace. Ya ga tayoyin mai faci, ya ga bulon da ƙyallayen, ya ga wanda aka yi wa rumfar kwali. A na goma sha bakwai ya sunkuya ya taɓa tofon da bayan yatsa, ya daɗe a haka. Rigarsa ta jiƙe ta manne a baya.

"A buɗe mini gindin ɗaya in gani," ya ce.

Wani lebura ya ɗaga diga. Sarkin Dashe ya tare shi da sauri.

"Kai, ba haka ake yi ba! Kawo shebur."

Ya durƙusa da kansa. Ya fara daga nesa da gindin, yana yaye ƙasa kaɗan-kaɗan, daga baya ya ajiye shebur ɗin ya koma da hannu. Ga su nan: fararen saiwoyi sirara kamar zare, sun bar tsohon dunƙulen ƙasar leda sun bazu ta kowane gefe, wasu sun nutsa ƙasa inda yatsa ba ya kaiwa. Shekara huɗu suna murɗe a cikin leda suna zagaye kansu, sati uku kawai suka samu suka miƙe. Duk taka-tsantsan ɗinsa sai da ya ji wasu suna tsinkewa a ƙarƙashin yatsunsa, kowace ta tsinke sai ya ji ta a ƙirji.

Shugaban ya tsuguna kusa da shi. Su biyu suka zuba wa ramin ido. Mutanen layi sun matso a hankali, sun yi da'ira.

"Sun kama sosai," shugaban ya ce, kamar da kansa yake magana.

"Sun kama, ranka ya daɗe."

"In aka cire su yau, aka dawo da su jibi, nawa za su tashi?"

"Ko ɗaya. A wannan zafin, ko ɗaya."

Wayar shugaban ta fara ƙara a aljihu. Ya bar ta ta gama. Ta sake farawa. Ya ciro ta ya duba sunan, ya miƙe ya ɗan matsa gefe, aka ji yana cewa, "E, ranka ya daɗe. Ina wurin. Akwai 'yar matsala ne... A'a, ranka ya daɗe. Na gane. Na gane." Ya saurara ya daɗe, kansa a ƙasa, yana kallon takalminsa da ya yi ƙura.

Da ya dawo bai kalli mutanen ba. Ya sake tsugunawa, ya rage murya, ya yi tambayar da sigar da yake yi wa tsohon tambaya shekarun baya a lambu, lokacin da yake son ya koya.

"Baba Sarki, in ganyen zai yi yaushi kafin taron, ba amfanin ɗaukar su, sai in gaya musu haka su san abin yi. Itace irin wannan, in aka tumɓuke shi yanzu, awa nawa ganyensa yake ɗauka kafin ya sunkuya?"

"Ya danganta da hannun da ya riƙe shi," in ji Sarkin Dashe, idonsa na kan saiwoyin. "In aka bar shi haka, kafin gari ya waye ya langaɓe. Amma in aka tsinke sabon tofon, aka naɗe saiwar da jiƙaƙƙen buhu, aka ajiye a inuwa ana yayyafi, ai sai ya kai jibi ma yana sheƙi, ba mai gane..."

Sai da maganar ta fita ya ji abin da ya faɗa. Shekara ashirin da shida ana yi masa tambaya a kan itace yana ba da amsa daidai, bakin bai jira shi ba. Kalma ɗaya ake nema a wurinsa, ya ce ba za su kai ba, kuma shugaban da kansa ya buɗe masa ƙofar. Ya ɗago kai. Matarsa na kallonsa, ta sa hannu ta rufe baki.

Shugaban ya rufe ido na ɗan lokaci. Kowa ya ji amsar, har jami'an da ke jingine da mota. Ya miƙe a hankali, ya kakkaɓe gwiwar wandonsa.

"Dogo," ya ce, "je ka lambu ka kwaso buhuna arba'in. A jiƙa su."